Ɗaki a Cikin Ɗaki

Ranar da takardar jami'a ta iso, Injiniya ya karanta shafin farko sau uku a bakin shagonsa, da ƙarfi, don Tela da mai kanti su ji. Shafi na biyu kuwa bai karanta ba. Juya shi ya yi, ya ga bayansa fari tas, ya ce wannan ya dace da zanen aiki.

Ba injiniya ba ne. Kafinta ne, kuma kafinta na ƙwarai, in dai an tsaya a kan tebur da benci da ƙofa. Sunan shi ya raɗa wa kansa shekarar da ya gyara injin niƙan unguwa. Injin bai ƙara tashi ba, sunan kuwa ya zauna.

Takardar ta ce 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta sami gurbin karatu, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai iri uku ne. Akwai na mutum huɗu, gadajen ƙarfe biyu masu hawa biyu, dubu talatin a shekara. Akwai na mutum biyu, dubu saba'in. Sai na mutum ɗaya, mai tebur da kabad da ƙofar da ɗaliba za ta rufe ta ji shiru, dubu ɗari da ashirin. Ƙarfin gidan bai wuce na farkon ba, shi aka biya. Saura sharaɗi ɗaya: ranar Litinin, kafin ƙarfe huɗu na yamma, ɗaliba ta je da kanta ta sa hannu a littafi ta karɓi makulli. Wadda ba ta sa hannu ba, a ba wata gadonta, don masu jira sun fi gadajen yawa.

"Dubu ɗari da ashirin!" in ji Injiniya. "Na me? Tela, mene ne ɗaki in ba bango huɗu da ƙofa ba?"

Tela ya zare allura daga bakinsa. "Da rufi."

"Da rufi. To, ni za a sayar wa bango? Ku matso ku ƙaru. Zan ƙera wa Auta ɗaki na katako, da gadonsa da teburinsa da ƙofarsa da kwaɗonsa. A ɗauke shi ɗungurungum, a kai shi cikin ɗakin mutum huɗun, a ajiye a kusurwa. Mun biya na talatin, muna kwana a na ɗari da ashirin. Ku nuna mini asarar."

Mai kanti ya ce, "Su masu makarantar sun yarda?"

"Su wa? Ginin kwanan ɗaliban nan ni na sa masa ƙofofi. Babu ƙofar da ba ta san hannuna ba. In na shiga, su ne za su tambaye ni hanya."

Gaskiyar magana, shekara talatin da takwas da suka wuce ya yi kwana tara a ginin yana riƙe wa maigidansa ƙofa, maigidan yana ɗaurawa, kuma duk a hawan ƙasa ne. Amma ya rubuta awon ƙofar a ɗan littafinsa, littafin kuma yana nan: faɗi ƙafa uku, tsayi ƙafa bakwai. A kan wannan awon ya zana ɗakinsa. Faɗi ƙafa uku ba inci ɗaya, tsayi zuwa rufi ƙafa shida da rabi, tsawo a kwance ƙafa bakwai. Ƙofa a gefe, 'yar taga a ƙarshe ɗaya, wadda ya auna ta yadda kan ɓarawo ba zai shiga ba.

Da ya kai zanen gida, matarsa ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa.

"Malam, yarinyar nan karatu za ta, ko kiwonta za a yi? Wannan ai akurki ne."

"Ke da ba ki san zane ba, ina ruwanki da kiwo?"

Auta ta ce, "Baba, shafin da ka yi zanen a bayansa, an ce ba a shiga da gado ko kabad."

"Gado suka ce, da kabad. Kin ga inda suka ce ɗaki?"

"Kuma gadon sama aka ba ni."

"Sai a fitar da gadon ƙarfen waje."

"Ta ƙasan fa, Baba?"

"Ta zo ta yi odar nata. Zan yi mata ragi."

Auta ta dubi uwarta, uwar ta dubi rufin ɗaki. Shi kuwa akwai abin da bai faɗa musu ba. Lokacin da yake koyon aiki, su goma sha ɗaya ne a ɗaki guda, littafin awonsa ma a cikin riga yake kwana da shi. Tun da ya karanta cewa akwai ɗakin da ake rufewa a ji shiru, kuma ba 'yarsa za ta shiga ba, abin ya tsaya masa a rai.

Ya sauko da katakon maɗacin da ya ajiye a saman shago tun shekara ashirin, busasshe, ja, mai nauyin tsiya, irin wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Kwana goma sha ɗaya yana aiki. Bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Kowane baki ya sassaƙa shi ya shiga cikin ɗan'uwansa, ya bi da gam.

"Ku duba da kyau," yake ce wa masu wucewa. "Wannan ba ya warwarewa. Jikokin Auta ma a ciki za su yi karatu."

Tela ya ƙwanƙwasa bangon. "In aka so a kwance shi fa?"

"Wa zai so?"

Ranar Litinin da hantsi aka kira motar a-kori-kura. Mutum huɗu suka kama, ɗakin bai motsa ba. Aka ƙara biyu, ya ɗaga da ƙyar, ya sauka a bayan mota, motar ta durƙusa kamar raƙumi. Direba ya zagaya ya dubi tayoyinsa, ya ce shi fa katifa da akwati aka ce masa. Injiniya ya ce ya gode wa Allah, yau motarsa ta ɗauki tarihi. Auta ta shiga gaba da takardunta a jaka. Injiniya ya tsaya a baya, hannu ɗaya a kan rufin ɗakin, yana ɗaga wa unguwa ɗayan. Tela ya rufe shagonsa ya haye da jakar kayan aikin kafintan a kafaɗa. Ya ce ko ɗinkin sarauniya ne a gabansa, yau sai dai ya jira.

A mahaɗar hanya wani ya biyo motar da gudu yana miƙa kuɗi ta tagar ɗakin, a ba shi katin waya. A gidan mai wata tsohuwa ta tambaya ko nan ne ake yin rigakafi. Injiniya ya tsaya yi wa kowannensu bayani, har Auta ta fara duba agogo.

A ƙofar jami'a maigadi ya tare su.

"Masu rumfar sayar da kaya ranar Laraba ake musu rajista."

"Ba rumfa ba ce. Ɗaki ne."

"Na wa?"

"Na ɗaliba."

Maigadi ya ce aikinsa ne ya duba abin da ke cikin kowace mota. Aka buɗe masa kwaɗo, ya shiga, ya zauna a gadon, ya kishingiɗa, ya miƙe ƙafa. Ya ce wallahi ya fi ɗakin gadinsa, nawa za a yi masa irinsa? Da Injiniya ya ji haka sai ya tattare riga ya shiga shi ma, ya fara daga yadda ake zaɓen katako. Motoci suka yi layi a baya suna ta danna hon. Sai da aka ci minti arba'in.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka isa ginin 'yan mata. Bene ne mai hawa uku, ƙofarsa cike da iyaye da katifu da bokitai, domin ranar ce kaɗai aka yarda maza su shiga su taya kai kaya. A ƙasan bene an ajiye tebur, a bayansa wata gajeriyar mace mai tabarau, da tarin makullai a ƙugu, da babban littafi a gabanta. Ita ce mai kula da ginin, ɗalibai na ce mata Uwar Makullai. Auta ta karɓi lambar layi, ɗari da arba'in da uku. A lokacin ana kiran sittin da ɗaya.

"Baba, bari in tsaya a layi."

"Ki tsaya ki yi me? Kafin a zo kanki mun kai ɗaki mun dawo mun sha ruwa. Hau gaba ki nuna mana wurin."

Ɗakinta a hawa na uku yake. Ta hau. Aka samo majiya ƙarfi shida daga cikin masu dakon kaya, suka ciccibi ɗakin. Ya shige babbar ƙofar gini sumul. Injiniya ya juyo ya dubi Tela.

"Ka gani? Awo!"

Suka kama matakala. Taka goma sha ɗaya aka yi lafiya. A nan matakalar take karyawa ta koma hagu, wurin juyawar ɗan matsattse ne, rufinsa kuma ya sauko ƙasa. Goshin ɗakin ya daki bango, kansa ya daki rufi, gindinsa ya kama ƙarfen dafawa. Ya tsaya.

"Ku ɗaga ta dama."

Aka ɗaga. Bai tafi ba.

"Na ce dama! Damata, ba taku ba!"

Aka ɗaga ta ɗayan gefen. Fentin bango ya zubo.

Tela ya ce, "Injiniya, a littafin naka babu awon matakala?"

"A zamaninmu ba haka take ba."

"Ka taɓa hawanta?"

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Ya ce nauyin aljihunan da ke ƙarƙashin gadon ne ke hana shi juyawa, bari ya shiga ya zaro su. Ya raɓa ta gefen ƙarfen dafawa, ya buɗe ƙofar, ya shige.

Kafin nan jama'a sun taru. A sama akwai waɗanda suka kai kayansu suna son saukowa, Auta na cikinsu. A ƙasa akwai masu son hawa, kowa da katifa a ka. Matakala ɗaya ce a ginin, don ta bayan an toshe ta da bulo tun bara. Wani mai faffaɗar murya daga sama ya ce a haɗa ƙarfi a gama da abin nan. Tela daga ƙasa ya ce madalla, shi zai ƙirga.

"Ɗaya, biyu, uku!"

Na ƙasa suka tura sama da iya ƙarfinsu. Na sama, waɗanda suka ɗauka fitar da shi za a yi, suka turo ƙasa da iya nasu. Ɗakin ya yi wata ƙara, ya murɗa, ya zauna daram tsakanin bango da bango. Gefen da ƙofar take ya manne da siminti. Tagar ce kawai ta rage, tana kallon na ƙasa, a cikinta kuma ga hancin Injiniya da ido ɗaya.

"Wa ya ce ku taɓa?"

"Fito mana," in ji Tela.

"Ina zuwa. Akwai abin da nake dubawa."

Aka ji yana tura ƙofa, aka ji ya sa kafaɗa, aka ji ya sa ƙafa. Daga can ƙasa muryar Uwar Makullai ta taso: "Casa'in da takwas!"

Wata uwa daga sama ta ce ita ta san maganin abin da ya maƙale, zoben aurenta ma da sabulu aka cire. Ta kaɗa garin sabulu a bokiti biyu ta sheƙa. Ruwan bai shiga tsakanin katako da bango ba, don babu inda zai shiga. Ƙarƙashi ya bi, ya gangaro matakala yana kumfa. Wani ƙaton uba mai ɗauke da akwati da fanka ya taka, ya sauka taka biyar a zaune, ya tafi da mutum uku da katifa biyu.

"Ko ɗigo bai shigo ba!" Injiniya ya yi kira ta taga. "Ku shaida, rufin ba ya yoyo!"

"Allah ya sa ka kwana a ciki!" in ji ƙaton, yana matse wando.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, mai karatun gine-gine, ta karɓi tef a jakar da ke hannun Tela. Ta auna nan, ta auna can, ta danna waya.

"Baba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai juya kwanar nan ba. Ya yi tsawo da inci tara."

"Wa ya koya muku awo? Matakalar ce ba a yi ta kan ƙa'ida ba."

"To, komawa ƙasan ma yanzu ba zai yi ba. Ya ciji ƙarfen."

"Yarinya, ina wannan aikin tun ba a haifi malaminku ba."

"Malamar mace ce, Baba."

Ƙarfe uku da kwata, layin tebur ya tsaya cak, don duk wadda aka kira lambarta ko tana sama a tsare, ko tana ƙasa tana kallo. Sai aka ji kacau-kacau na makullai. Jama'a suka buɗe hanya. Uwar Makullai ta hau a hankali tana tsallake kumfa, ta tsaya a gaban tagar, ta gyara tabarau.

"Waye mai wannan abin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Sannu da aiki. Ya jama'a?"

"Kai ne a ciki?"

"Ina duba shi ne ta ciki."

"Mene ne shi?"

"Ɗaki ne, ranki ya daɗe."

"Ɗaki ɗari biyu da goma ne a gidan nan, shekara ashirin da shida ina riƙe da makullansu. Wannan wa ya ba shi lamba?"

Aka fashe da dariya sama da ƙasa. Injiniya ya gyara murya.

"Ai ni ba baƙo ba ne a nan. Ƙofofin ginin nan duk ni na sa su."

"Na katakon?"

"Su fa."

"Gara ta cinye su. Shekara goma sha biyu ke nan da aka sa na ƙarfe."

Idon da ke taga ya ƙifta sau biyu.

Uwar Makullai ta juya ta ɗaga murya. "Zan ci gaba da kira. Wadda ta zo gabana ta sa hannu. Wadda aka tsare a sama ba da laifinta ba, zan duba lamarinta gobe. Amma 'yar mai wannan akwatin, ita da ta zo da abin da aka hana, ƙarfe huɗu ne nata, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba. Lamba nawa ce?"

Daga bayan katako wata siririyar murya ta ce, "Ɗari da arba'in da uku."

A gindin matakala akwai wata mata mai jan gyale, zaune a kan akwati tun safe da 'yarta a gefe. Su ne na farko a jerin masu jiran gado. Ta miƙe ta gyara ɗaurinta, ta dubi agogon hannunta.

"Saura minti talatin da biyar. Kai, amma kafintan nan ya iya aiki. Allah ya ƙara wa katakon nan ƙarfi."

Injiniya ya dawo hayyacinsa. "Ranki ya daɗe, akwai dabara. Tsakanin rufina da rufinku akwai sararin yatsa huɗu. A zura littafin ta nan, ta sa hannu, a jawo shi da zare. Ga Tela nan da zare."

"Littafina ba ya barin tebur. Kuma sai na ga fuska, na ga kati."

"To, a sauko da ita ta taga da igiya."

"Tagogin duk da ƙarafa."

"A fasa bulon matakalar baya."

"Ka fito ka fasa."

Ta juya ta sauka abinta, makullai na kacau-kacau. Mai jan gyale ta ce saura minti talatin.

Cikin ɗakin zafi ya yi yawa, gumi ya jiƙe wa Injiniya riga. Yana tsugune a kan gadon da ya karkace, yana lissafin wata dabarar, sai ya ji an ƙwanƙwasa bangon da ke ta sama, a hankali, da yatsa ɗaya.

"Baba."

"Na'am, Auta. Kada ki damu, yanzu zan..."

"Baba, gadona."

Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon. Wannan allon shi ya fi ba shi wahala, kwana biyu yana goge shi har sai da ya ga inuwar fuskarsa a ciki. Ya shafa haɗin kusurwar da babban yatsa. Ko reza ba za ta shiga ba.

Ya juyo wajen taga.

"Tela."

"Injiniya."

"Miƙo zarto. Da kurfi da guduma."

Tela ya dubi idon da ke tagar. Ya miƙa.

Aka ji bugun guduma, sannan aka ji zarto ya kama. Maɗaci ne na shekara ashirin, ba ya sakin jiki. Garin katako ya riƙa fitowa ta taga kamar hayaƙi, tare da tari da haki. Mai jan gyale kuwa tana ta sanar da lokaci kamar an ɗauke ta aiki.

"Saura ashirin. Baba, ka huta mana, kada ka ji wa kanka."

Da aka ɗan jima Tela ya kasa haƙuri. "Da ka yi shi da ƙusa kamar kowane kafinta, da tuni mun ɓalle shi."

"Da na yi shi da ƙusa," in ji murya daga ciki, tana haki, "da tuni ya rushe a kanku."

Saura minti goma sha ɗaya bangon sama ya faɗi, na saman suka yi shewa. Ya juyo kan na ƙasa, ya fara daga bakin taga. Zarton ya kauce daga layi, shi da bai taɓa yanka a karkace ba. Bai tsaya gyarawa ba. Saura minti biyar ya sa ƙafa ya tokare allon, ya faɗo a kan kumfa ya sulale har ƙasa.

Ɗakin ya zama rami mai baki biyu. Auta ta sunkuya ta shigo da jakarta a baki, ta rarrafa a kan gadon, uban ya kama hannunta kada ta zame. A tsakiya ta ɗaga kai. Ta ga ɗan teburin da ke naɗewa jikin bango, da gurbin da aka sassaƙa na ajiye biro, da kantar littattafai mai hawa biyu. Ba ta taɓa yarda ta leƙa ciki ba sai yau.

"Ya yi kyau, Baba."

"Wuce, ke dai! Wuce!"

Ta fita ta ɗaya bakin, ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta bi gefen bango inda kumfa bai kai ba. Jama'a suka dare mata. Uwar Makullai ta dubi fuska, ta dubi kati, ta dubi agogon bango, ta juyo da littafin. Huɗu saura minti uku Auta ta sa hannu. Makulli ya faɗa tafinta. Mai jan gyale ta ja tsaki mai tsawo, ta ce wa 'yarta ta ɗauko akwati, kafintocin yanzu ba su da alƙawari.

Su kuwa na sama, da suka ga hanya ta samu, ba wanda ya jira a ce masa. Suka yi layi. Injiniya bai sami damar fita ba, sai ya takure a gefen gado, gwiwa a ƙirji, garin katako har gira, jama'a na rarrafawa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Wasu na yin sallama in za su shiga. Wata tsohuwa ta tsaya a tsakiya ta tambaye shi ya gida ya iyali. Mai faffaɗar muryar nan ya maƙale a ƙugu, sai da aka ja shi ta gaba aka tura ta baya. Uwar da ta zuba sabulu ta shafa kantar littattafan ta ce, "Kai, ashe abin kirki ne aka lalata." Da na sama suka ƙare, na ƙasa suka fara hawa, ana naɗe katifa ana cusawa.

Uwar Makullai ta dawo ta ce maza duk su fita, ban da mutum biyu. Injiniya da abokinsa ta ba su zuwa ƙarfe shida, ta ga matakalarta yadda ta bar ta. Ya yanka, Tela na ja. Kowane allo ya faɗi, kafin ya kai ƙasa wata ɗaliba ta ɗauke, wai za ta yi kanta. Aljihunan gado suka tafi hawa na biyu. Teburin aka haura da shi hawa na uku, bai ga wadda ta ɗauka ba, bai kuma tambaya ba. Ƙofar kaɗai ya hana. Ya ce wannan ba ta yi laifin komai ba.

Da suka fito, direba ya daɗe da tafiya. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi benen. A wata taga ta hawa na uku ga kawuna huɗu a jere a bayan ƙarafa, suna magana gaba ɗaya, ba mai sauraron wata. Ɗaya daga ciki ta zuro hannu tana ɗaga masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara riƙon ƙofar a hammata.

A motar haya kwandasta ya ce ƙofa ma fasinja ce, sai an biya mata kujera. Aka biya. Ta zauna kusa da taga.

Ana kiran magariba suka shigo unguwa. Mai kanti na bakin kantinsa, maƙwabta sun fito, matarsa na tsaye a ƙofar gida. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta dubi abin da ke hammatarsa.

"Yarinyar ta sami gadon?"

"Ta samu."

"Alhamdu lillahi." Ta sauke ajiyar zuciya. "To, ina ɗakin?"

Injiniya ya jingine ƙofar a bango, ya karkaɗe garin katako daga gemunsa, ya bari kowa ya matso.

"Sun riƙe shi. Kun san jami'a, ba sa ganin sabon abu su ƙyale. Rarraba shi suka yi, kowane hawa ya ɗauki nasa, suna nazari."

Duk aka juya ga Tela. Tela ya sauke jakar kayan aiki a hankali, ya murza kafaɗarsa.

"Ni dai abin da na gani zan faɗa," ya ce. "Na ƙirga da bakina. Mutum sittin da uku suka shiga ɗakin nan yau, har da masu digiri, kuma ba wanda ya shiga a tsaye. Kowa sai da ya durƙusa."

Injiniya ya buɗe hannuwa biyu ya dubi matarsa.

"Kin ji ko? A kawo mini ruwan wanka."